Ekar Yaya Haruna

Tun da na dawo daga Landan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai a kewaye ni. Wannan ya ce da gaske ne rana ba ta faɗuwa sai mu nan mun idar da isha'i? Wancan ya ce wai jirgin ƙasa a cikin rami yake tafiya kamar gafiya? Na gaji da maimaitawa, shayina kuma kullum sai ya huce. Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha abina da zafinsa.

Da farko dai ku sani ba yawon buɗe ido na je ba. Kalma ɗaya ce ta ɗaga ni daga ƙauyenmu na gefen Malumfashi ta kai ni can.

Yaya Haruna, wanda nake bi, ya tafi Ingila tun ban yi aure ba. Direban bas ne a can har ya yi ritaya. Da Baba ya rasu aka fitar wa 'yan'uwanmu mata da rabonsu a fadama, babbar gonar tudu kuma ta rage tsakanina da shi. Ya ce mini a waya, "Ilu, ci gaba da nomawa, ma yi magana." Maganar nan ba mu taɓa yin ta ba. Da gonar na ci, da ita na aurar, a cikinta babban ɗana yake noma yanzu da iyalinsa. Amma duk shekara in na sa iri a ɓangaren gabas, inda ƙasar ta fi kyau, sai zuciyata ta tuna mini cewa a wurin wani nake shuka.

Sai ga waya daga matarsa, Hajiya Memuna. 'Yar zangon Kumasi ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Ta ce ɓarin jikin Yaya ya shanye, an sallamo shi daga asibiti, amma baki ya tafi.

"Ilu, yayanka ba shi magana," in ji ta. "Eka, eka, shi ke nan. Safe eka, yamma eka. Gonan Baba shi ke so. Ka zo ku gama."

Kafin azahar duk dangi sun ji, kowa kuma ya fassara iri ɗaya: mutum ya ga ciwo ya tuna da haƙƙinsa. Ni ban yi musu ba, haƙƙinsa ne. Amma in aka tsaga gonar nan biyu, abin da zai rage ba zai riƙe gidana da na ɗana ba. Na yanke shawarar zan ba shi ko da me zai biyo baya, na kuma yi ta jin tsoro har ranar tafiya.

'Yarsa Hadiza ce ta yi duk wahalar biza da tikiti. Ita a can aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma amsa sai da Turanci, in ta matsa ta haɗa biyun: "Baffa, na yi maka booking, kar ka yi missing." Na hau mota zuwa Kano, daga nan Abuja. Matata Ladi ta cika mini jaka da kilishi, garin dawa na kunu, tsamiya, da turaren wuta na Memuna, har zif ɗin ya ƙi rufuwa sai da ɗana ya hau kai ya zauna.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata nas 'yar Kafanchan, Madam Rifkatu, mai aiki a wani asibitin can. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta hana ni zuba man shanun biredi a shayi, don na ɗauka madara ce ta daskare. Da ta ji abin da ke jakata sai ta dafa goshi.

"Baba, kilishin nan ba zai shiga ba. Ka faɗa musu da bakinka tun kafin su gani."

Haka na yi. Ma'aikacin da ya buɗe jakar mutum ne mai fara'a, ya ɗauke kilishin yana ba ni haƙuri kamar shi ya kafa dokar. Sai ya ɗaga ledar gari ya ce mene ne wannan. Na tuno sunan dawa na makaranta na ce masa "gini kon". Ya duba garin ja-ja ya ce shi kon da ya sani rawaya ne. Na ce wancan masara ce. Ya ce to ai ita ce kon. Muka tsaya muna kallon juna, kowa na ganin ɗan'uwansa bai san hatsi ba. Daga ƙarshe ya shinshina, ya yi dariya, ya mayar mini da abina.

Hadiza ta tarye ni muka shiga jirgin ƙasa zuwa unguwarsu, Woolwich. Mutane cike, amma tsit kamar ana zaman makoki. Na gai da na kusa da ni, sai ya janye jakarsa ya ba ni wuri, ya zaci abin da nake nema ke nan. Da muka fito kasuwar unguwar kuwa sai na ji Yarbanci ta ko'ina, ga doya, ga attarugu, ga wata mata tana ciniki da faɗa. Nan na ɗan ji numfashina ya dawo.

Gidan a sama yake, irin wanda suke ce wa flat, ɗakuna ƙanana, ba tsakar gida, ba inda mutum zai tsaya ya ga sama. Yaya yana kan kujera kusa da taga. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat, bakinsa ya karkace gefe guda. Na durƙusa na kama hannunsa mai lafiya. Ya ƙura mini ido, hawaye ya zubo masa, ya buɗe baki da ƙyar.

"Eka."

"Na ji, Yaya. Ai shi ya kawo ni. Rabonka yana nan, ba wanda ya taɓa."

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya bugi hannun kujera, ya sake cewa eka, sannan ya juya fuskarsa ga bango. Na ɗauka fushi ne na shekarun da na yi ina ci ban taɓa tayar da maganar ba.

Kwanakin farko na yi su ne ina ɓarna. Na kunna turaren wutar da Ladi ta aiko, sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, maƙwabciya ta fito da kare a hannu, Memuna tana kaɗa tawul tana cewa, "Ilu, za ka sa council shi kore mu!" Hukumar unguwa take nufi. Abinci kuwa ba laifi. Tana dafa shinkafa da wake irin nasu na Gana da wani baƙin yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa. Ta kai ni unguwar Deptford muka sayo kuka da daddawa a shagon wani ɗan garinsu, wanda ya riƙe ni da hira ya ce Hausata ta yi masa nauyi. Kifi da dankalin Turawa da Hadiza ta saya mini ne kawai na ci don kunya, ko gishirin kirki babu. Ni kuma kullum da safe nakan dama wa Yaya kunun tsamiya in ba shi a cokali. Yakan sha, ya dube ni, ya ce eka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dubiya. A gida da tuni ɗakin ya cika da mutane har an rasa wurin ajiye takalmi. A can kati ake turowa. Katuna ne jere a kan taga, wai daga abokansa na lambu. Na ce wane lambu? Memuna ta taɓe baki. Ashe hukuma takan yanka wa mazauna birni 'yan filaye su yi noman marmari, Yaya kuma yana da ɗaya tun kafin ya yi ritaya. Ita ba ta zuwa, ta ce ba a haife ta don wasan ƙasa ba. Tun da ya kwanta ciyawa ta cinye wurin, kuma dokarsu in ba a gyara ba za a ba wani.

"Kai manomi ne," ta ce. "Je ka yi abin da ka iya."

Da na ga filin sai dariya ta kama ni. Duk gonar ba ta fi shimfiɗar tabarmin masallacin unguwarmu ba. Amma da na tsuguna na damƙi ƙasar, baƙa ce, mai laushi, an sha ba ta taki. A gefe ga fartanya irin tamu, da ƙotar da aka sassaƙa da hannu. Wannan fartanyar ta karya mini zuciya fiye da ganinsa a kujera.

Maƙwabtansa na lambu uku ne. Akwai wani dattijo mai rawani ɗan Indiya, daga yankin Punjab, da suke kira Mista Singh. Akwai wata mata 'yar ƙasar Lituweniya mai suna Rasa. Na gaya mata ma'anar sunanta da Hausa, ta ce ba mamaki, kullum sai ta rasa safar hannunta. Sai kuma Misis Morin, tsohuwar Baturiya mai ƙaramin jiki, wadda ta yi rayuwarta tana koyar da tsofaffin harsunan da masu su suka mutu tun tuni. Da suka ji ni ƙanin Haruna ne, sai ga shayi a fulas, sai ga tambayoyi. Na ce me ya hana su zuwa duba shi? Misis Morin ta ce ba sa son su takura wa iyali. Na ce a wurinmu rashin zuwan ne takurawa.

Ina noma suna kallon yadda nake sunkuyawa da gajeriyar ƙota, su da suka saba da dogaye. Da muka zauna hutu sai Mista Singh ya tambaye ni da me muke huɗa a gida. Na ce da shanu. Ya ce itacen da ake ɗora musu a wuya fa? Na ce karkiya. Su ukun suka kwashe da dariya, Rasa ta ce, "An sake kayar da Hausa!"

Misis Morin ta ga ban gane ba, ta yi mini bayani da Turanci a hankali. Wasa ne suke yi shekara da shekaru a lokacin shayi. Sai a ɗauki abu ɗaya na noma, kowa ya faɗi sunansa da harshensu. Karkiya da Turanci, yadda kunnena ya ji, "yok" ce. Rasa ta ce su "yungas". Mista Singh ya ce su "jula". Misis Morin ta ce mutanen Rum na dā "yugum" suke cewa. Ta ce ba dace ba ne, dangantaka ce. Harsunan nan duka, daga Ingila har arewacin Indiya, jikokin harshe ɗaya ne da aka yi magana da shi shekaru dubbai da suka wuce, a ganin yawancin masana a filayen ciyawa na wajen Yukren da Rasha ta yau. Ba wanda ya rubuta shi. Daga kamannin jikoki ake gano fuskar kakan.

Na ba ta labarin rigimata da ma'aikacin filin jirgi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce "kon" asalinsa ƙwaya ce kawai, kowace ƙasa sai ta liƙa sunan ga abin da ta fi ci. A Ingila ta dā alkama ce, a Amurka masara. Rasa ta ce 'yar'uwar kalmar a wurinsu "zhirnis" ce, kuma wani ɗan koren wake take nufi. Na ce to ai mu ma in an ce hatsi gero da dawa ake nufi, ba wanda zai kawo maka shinkafa.

Misis Morin ta ce wani abu kuma da ya tsaya mini. Wai kalmomin dabbobi, irin su saniya da tunkiya da karkiya, sun bazu kusan ko'ina a dangin nan. Amma na huɗa da shuka sun fi yawa a ɓangaren Turai, can gabas sai ka neme su ka rasa. Shi ya sa masana da yawa suke ganin mutanen farkon makiyaya ne, nomansu kaɗan ne, daga baya jikokinsu suka zauna suka kama noma sosai, suka ɗauki tsofaffin kalmomi suka ba su sabon aiki. Wannan ban sha wahalar gane shi ba. Garma a wurin kakana ta hannu ce. Da aka kawo ta shanu ba a ƙirƙiro mata suna ba, garma aka ci gaba da cewa.

"Hausa fa?" na tambaya.

Ta ce Hausa tana da nata dangin, babba kuma tsoho, tare da Larabci da harshen Buzaye da na Misira ta dā, amma ba wannan gidan ba ne. Shi ya sa kullum Yaya ke faɗuwa a wasan. Su uku su yi ta haɗa kai, shi ya kawo noma, ya kawo shuka, ya kawo lauje, ba wadda ta yi kama da tasu. Abin yana ba shi haushi, yana kuma ba shi dariya. Ta ce ranarsa ta ƙarshe a lambun, yana rufe ƙofa ya ɗaga mata yatsa ya ce ta shirya, gobe zai zo mata da wata kalmar. Goben ce bai zo ba.

Na ji tausayi, amma ban kawo komai a raina ba. Hankalina yana kan gonar gabas.

Da na gama gyaran filin na yi kunyoyi, na ce a kawo Yaya ya gani. Memuna ta ce sanyi, Hadiza ta ce za ta tambayi masu kula da shi, suka ce ba laifi. Ranar Asabar muka naɗe shi da bargo, muka tura shi a keken marasa lafiya har bakin lambun. Mista Singh ya rungume shi. Rasa ta sa masa furanni a cinya. Shi kuwa idonsa na kan Misis Morin, wadda ke tahowa da butar ban ruwa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna ƙasa, ya nuna ta, ya ɗaga yatsa.

"Eka! Eka!"

Na ji kunya ta rufe ni. Na ce a raina yau a gaban baƙi zai tona ni. Hadiza ta yi sauri ta ce mata da Turanci kada ta damu, kalmar da ta rage masa ke nan, maganar wata gona ce a gida. Misis Morin ta ce ta ji, ai ma'aunin fili yake faɗa da Turanci. Na ce a'a, Hausa yake yi. Mu ma eka muke cewa, har tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba.

Ta tsaya cak. Ta ajiye butar a hankali, ruwa na zuba a kan takalminta ba ta kula ba.

"Haruna," ta ce, "ita ce? Ita ce za ka kawo mini?"

Sautin da ya fito daga bakin Yaya ban taɓa jin irinsa ba, dariya ce da kuka a haɗe. Yana gyaɗa kai, yana bugun hannun keke, irin bugun da na ɗauka fushi ne. Mista Singh ya cire tabarau yana goge ido. Misis Morin ta tsuguna a gabansa, ita ma hawaye take, ta ce masa wannan maguɗi ne, aro kuka yi daga Turawan mulki, shi ma ya sani. Ya ƙara gyaɗa kai, gefen bakinsa mai motsi yana murmushin mugunta irin wanda na san shi da shi tun muna yara. Ta ce to ta karɓa, ya ci.

Sannan ta juyo gare ni. Ta ce kalmar nan tsohuwa ce ƙwarai. A Rum "ager" ce, a Girka "agros", a tsohon harshen Indiya "ajra", fili buɗaɗɗe. Kuma ana jin tushenta daga kalmar kora ne, wato wurin da ake kora dabbobi su yi kiwo, tun kafin ta zama gona, tun kafin ta zama ma'auni. Na tuna shanun Fulani da ke kwana a gonarmu bayan girbi suna bar mana taki. Ashe kalmar makiyaya ce ta yi wannan doguwar tafiya har ta sauka a gonar Baba.

Ni kuwa na zauna a kan kunya. Watanni yana ɗauke da wasansa a baki, yana miƙa wa duk wanda ya shigo, mu kuma muna ba shi amsa da rabon gado. Na ji sauƙi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji ciwon irin kaɗaicin da ya sha a tsakiyar iyalinsa.

Da sauran suka koma wajen shayi, na matsa kusa da shi. Na ga in ban yi maganar yau ba, ba ranar da zan yi ta.

"Yaya, na zo ne a kan gonar Baba. Na ɗauka ita kake nema. In kana so, wallahi ɓangaren gabas naka ne, gobe sai in sa a kafa iyaka."

Ya kamo hannuna ya juya tafin sama, ya bi kantar da babban yatsansa. Leɓensa ya yi ta motsi ba sauti, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na ce ya bari, kada ya wahalar da kansa. Bai bari ba.

"Ta... ka."

Hadiza, wadda ke kawo mana shayi, ta saki kofin da ke hannunta, ta ruga tana kiran uwarta a waya, wai Daddy ya faɗi sabuwar kalma. Da muka koma gida Memuna ta ce kada in ɗora wa abin nauyi, wataƙila ekar ce ta karkace a bakinsa. Ban yi mata gardama ba. Ita da za ta faɗa, "naka" za ta ce. Amma gona mace ce, kuma Yaya ko a cikin ciwo bai manta ba.

Na dawo ana gab da ruwan shuka. An ce yanzu duk Asabar masu lambun sukan hau sama su sha shayi da shi, sun daina turo kati. Ni kuma bana na sa gero a ɓangaren gabas kamar kowace shekara. Wannan ne karo na farko da na kai ƙarshen kunya ban waiwaya ba.